Taku Goma

Likita ya ba da umarni a riƙa sauko da Malam Hamisu, wani manomi daga Gazara, daga gadonsa na ɗakin kulawa ta musamman, ya yi taku goma kowace safiya don kada ƙirjinsa ya cushe. Ramla ce nas ɗin da aka ɗora wa aikin. Tsohon yana da nauyi, ga gadaje shida ita kaɗai. Kwana tara tana rubutawa a takarda cewa ya taka, alhali ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Ranar Laraba ya rasu.

Ranar Juma'a da magariba tana gyara gadon, sai ta ji katifar da ɗumi. Ƙarfen gefen gadon ya sauka da kansa, a hankali.

"Sannu da aiki, 'yata," in ji wata murya a bayanta. "An ce na yi taku casa'in. Ni dai ban tuna ba."

Hannu mai sanyi ya dafa kafaɗarta, ya sakar mata nauyi. Ta dubi ƙasa. Ƙafafun suna lilo, ba su kai siminti ba.

"Riƙe ni da kyau," ya ce. "Bismillah. Ɗaya."