Abin da Ya Rage na Abba

"Dogo, me ka danna?!"

Rimot ɗin na'urar gem ɗin na riƙe a hannunsa, idonsa kafe a talabijin, inda wani koren layi ke gudu har ya kai ƙarshe.

"Da kai nake magana! Me ka danna?"

"Auta... tsaya tukuna..."

Filas ɗin da ya soka a jikin na'urar gem ɗinsa shi kaɗai ya rage mana na Abba. Tun yana raye aka juye tsofaffin kaset ɗin bidiyonmu a ciki, daga baya ruwa ya shiga sito ya lalata su kaf. Gobe za a yi wa Mama aikin ido, likita kuma bai ɓoye mata ba: ko a dace, ko ɗan ganin da ya rage ya tafi gaba ɗaya. Abu ɗaya ta roƙa, ta ga fuskar mijinta a babban allo kafin a rufe mata ido. Talabijin ɗinmu tsohuwa ce, ba ta karanta filas. Ni da rawar kaina na ce Dogo ya kawo na'urarsa.

Dama can Mama ba wani yinsa take ba. "Ƙato da shi yana wasan yara, shi za ki aura?" Na ɗauka yau zai wanke kansa a wurinta.

"Tambaya ta fito," ya ce, "wai ko na'urar ta mayar da filas ɗin ma'ajiyar wasanni. Na ji motsin ƙofar Mama, na juya zan gaishe ta... Yatsana ya saba, Auta. Na'urar ta tambaya na danna, ta sake tambaya na sake dannawa, ko kallo ban yi ba."

"Ma'ana?"

"Ta goge... komai."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na zube a bakin kujera.

"Auta, an haɗa ne?" Muryar Mama daga ɗaki. "Maganin ido nake ɗigawa, ga ni nan."

"Saura kaɗan, Mama!"

Ban san lokacin da ƙaryar ta fito ba. Na juyo kansa, ina magana ƙasa-ƙasa, hawaye na shiga min baki.

"Ka kashe ni, Dogo. Muryar Abba fa! Dariyarsa! Da wane baki zan faɗa mata?"

"Rabin raina, ki saurare ni..."

"Kar ka ƙara kirana da sunan nan! Kwashe tarkacenka ka fita!"

Ya sunkuya ya ɗauki jakarsa. Har ya kai ƙofa, sai ya tsaya cak, kamar wanda aka riƙe wa riga.

"Za ki ƙara tsanata, amma dole in faɗa. Ranar da kika nuna min bidiyon a kwamfutata, kika ce kar in kuskura in kwafa..."

"Eh, na ce sirrin gidanmu ne."

"Da kika tashi ɗebo ruwa, na saci guda ɗaya. Ɗan gajere."

Na rasa me zan yi, in mare shi ko in faɗi a ƙafarsa.

"To me kake jira?!"

Ya zaro kwamfutar daga jaka. Allonta ya yi wa idon Mama ƙanƙanta, sai dai a haɗa ta da waifai ɗin gidan, na'urar gem ta jawo bidiyon zuwa talabijin. Waifai ɗinmu kuwa mai ra'ayi ne, sai ya ga dama. Wani ɗan da'ira ya hau juyi a allo.

Mama ta fito tana lalube bango, sanye da shuɗiyar rigar da Abba ya fi so. Ta ja kujera dab da talabijin.

"Ku fara da na tafiyarmu bakin ruwa," ta ce tana murmushi. "Nan ya faɗa ciki da takalminsa."

Na buɗe baki zan ƙaro wata ƙaryar. Dogo ya riga ni, ya durƙusa a gabanta.

"Mama, babu shi. Babu sauran ma. Ni na goge da hannuna, bisa kuskure. Auta ba ta da laifi."

Murmushin ya ɓace. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ɗora hannuwanta a cinya tana kallon allon da babu kowa a ciki, ni kuma na san aurenmu ya tafi tare da bidiyon.

Sai da'irar ta tsaya.

Dariya ta cika falon. Ga Abba nan, da ƙuruciyarsa, ya saɓa ni a wuya ina ƙarama, ina ta jan kunnensa. Ya dubi mai ɗaukar hoton, ya langaɓar da kai.

"Ke mai kyamara, ajiye abin nan ki zo kusa da ni. Na gaji da ganin rabin fuskarki."

Mama ta miƙa hannu ta shafa fuskarsa a jikin gilashin, kafaɗunta na girgiza. Kafin mu gama share hawaye har ya ƙare.

Na saci kallon Mama.

"Kai," ta ce ba tare da ta juyo ba, "duk cikinsu me ya sa wannan ka ɗauka? Don ka ga Auta tana yarinya?"

"A'a, Mama." Kansa na ƙasa. "Yadda yake kallonki ne. Na ce bari in riƙa dubawa ina koyo."

Na toshe bakina da mayafi.

Mama ta lalubo kansa, ta dafa.

"Sake sa min, ɗana. Gobe kuma kai za ka kai ni asibiti." Ta ja hanci. "Amma don Allah, in mun je, kar ka danna musu komai."