Inda Yaya Ya Tsaya

Ƙarfe huɗu na yamma, ana yayyafi irin wanda ba ka sanin ya jiƙa ka sai ka shiga ɗaki. Auta na zaune a shagonsa na kafinta yana gogar ƙafar kujera. Tun ɗazu ta yi sumul, shi ne bai lura ba.

Yau kwana tara bai ji muryar Likita ba.

Ba likita ba ce, a kantin magani take aiki, shi ya laƙaba mata sunan. Saura sati biyar a ɗaura musu aure. Abin da ya shiga tsakaninsu kuwa bai fi tafin hannu ba: wata tsohuwar na'urar wasan gem ce ta hannu, ta yayansa, da kaset ɗaya tal a bayanta.

Wasan labari ne. Jarumi ya bar ƙauyensu, ya tara abokan tafiya, su yi ta yaƙi gari zuwa gari. Amma wurin ajiya ɗaya ne a kaset ɗin, duk wanda ya fara sabo ya ajiye, na da ya tafi. Shekara shida da rasuwar Yaya, ya bar jaruminsa tsaye a bakin ƙofar ƙarshe. Auta yakan kunna, ya zaga da shi, ya duba kayan da Yaya ya jera a jakarsa, ya kashe. Bai taɓa buɗe ƙofar ba.

Sai aiki ya kai shi wani gari kwana uku. Ranar da ya dawo Likita ta tare shi a falon Mama, tana ta murmushi.

"Malam Kafinta, albishirinka! Na koyi abin nan naka."

"Wane abu?"

Ta miƙo masa. Ya kunna... ba ƙofa, ba jarumin Yaya. Wani ɗan mitsitsi ne a bakin kogo.

"Kin ajiye?"

"Eh mana, ya tambaye ni na ce..."

"Wa ya aike ki?!"

Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Murmushin ya mutu a fuskarta.

"Masoyi, me na yi?"

"Abu ɗaya ya rage min nasa. Ɗaya! Shi ma kin goge."

Ta ce wallahi ba ta sani ba, ta ce ya yi haƙuri, ta faɗa har sau uku. Ya juya mata baya. Ta ɗauki jakarta ta fita a hankali, ko ƙofar ba ta yi ƙara ba.

Tun daga ranar yake jin kewa iri biyu, ya kasa raba su. Da azahar sai kunnensa ya tafi kan waya. Idan ya ci karo da abin dariya, sai ya adana zai ba ta labari, sannan ya tuna.

Ya rufe shago ya nufi gida cikin yayyafin.

Mama na kan kujera, ta miƙe ƙafarta mai ciwo a kan matashi. Ko gaisuwarsa ba ta gama amsawa ba.

"Zauna. Yarinyar nan ta zo ɗazu ta auna min jini."

Ya ɗago da sauri. "Ta... tana lafiya?"

"Au, ka damu? Cewa ta yi in ba za ka iya kallon fuskarta ba, gara a ɗaga bikin. Gobe za ta faɗa wa babanta."

"Mama, ba ki san abin da ta yi ba."

"Ni na ba ta! Ni na ce ɗauki ki ga abin da ke sace masa hankali. In hushi za ka yi, ga ni."

Ya sunkuyar da kai. "Nan ya tsaya, Mama. In na kunna, ji nake kamar fita ya yi zai dawo ya ƙarasa."

Ta dube shi. Sai kuma ta yi wata 'yar dariya, idonta na ƙyalli.

"Shi? Allah ya jiƙan rai. Kai ƙarami ne ba ka lura ba. Sau nawa yana kaiwa ƙofar nan ya goge da hannunsa? Na ce kai wane irin mutum ne, ka sha wahala ka zubar? Ya ce Mama, ai daɗin a hanya yake, duk komawa sai na ga abin da ban gani ba. Har naka ya taɓa gogewa, ka yi birgima a tsakar ɗakin nan kana cewa ba kai ba shi har abada."

"Ni?"

"Kai fa. Kafin la'asar kuna kwance kai da kai kuna dannawa."

Ya tashi ya shiga ɗakinsa. Na'urar na ƙarƙashin filo inda ya cusa ta. Ya daɗe yana juya ta kafin ya kunna.

Sunan jarumin ya fara gani. Kafinta.

Ya buɗe jakar jarumin. Ba takobi, ba sulke, sandar da ake farawa da ita ce har yanzu. Amma magani... kwalba arba'in da ɗaya! Duk abin da Likita ta samu a hanya, magani ta saya masa. Awa biyar ta yi tana gudun kowane faɗa, don kada wani abu ya taɓa shi.

Dariya ta kubce masa, hawaye na bin ta a baya.

Lokacin da ya isa kantin, ruwan ya ƙara ƙarfi, gari ya yi duhun hadari. Likita na tsaye bayan kantar tana jera kwalaye. Ta rame. Ta gan shi sarai, ta ci gaba da jerawa.

"Sannu da aiki, Likita."

"Me za a ba ka?"

"Na ji an ce kina da kwalba arba'in da ɗaya."

Hannunta ya tsaya. Ba ta juyo ba.

"In dariya ka zo yi min..."

"Haƙuri na zo bayarwa. Na yi miki ihu a kan abin da ba ki sani ba. Kwana tara ban ci abinci na ji ɗanɗanonsa ba, wallahi."

"Ni fa so na yi in san shi," ta ce. "Kullum Yaya, Yaya, ni ban taɓa ganinsa ba. Na ce bari in bi hanyar da ya bi... sai na kashe maka shi karo na biyu."

"Kar ki ƙara faɗin haka, zuciyata. Don Allah."

Ta goge ido da bayan hannu. "Ba zai dawo ba ko? Na tambayi mai gyaran waya."

"Ba zai dawo ba." Ya matso kusa da kantar. "Amma na san hanyar. Duk inda ya tsaya ya yi surutu, na tuna. In kina so mu bi tare, in riƙa nuna miki. In mun kai ƙofar... mu buɗe."

"Babana fa?"

"Me za ki ce masa?"

Ta harare shi da jajayen idanu. "Zan ce angon ya warke."

Ta ɗaga katakon kantar ya shigo, suka zauna a benci, da ɗan tazara tsakaninsu.

"To Malam, kogon nan ya ake shigarsa? Abubuwan ciki cizo suke."

"Ai sai kin yi faɗa."

"In suka ji maka ciwo fa?"

"Da wannan uban maganin? Ko gari guda aka sara ya ishe su!"

Ta kai masa dukan wasa a kafaɗa. Ya ciro na'urar daga aljihu zai nuna mata, amma fuskar na'urar ba ta da haske irin na waya, ga hadari ya rufe ƙofa. Ya karkata ta dama, ya karkata hagu, yana ƙanƙance ido.

Ta miƙa hannu ta jawo fitilar kan tebur, ta lanƙwaso wuyanta daidai kansa.

Bai ɗago ba. Ya tura ɗan jarumin cikin kogon.