Hasken Ya Fi Kyau Ta Nan

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar wa jarida hoton yaƙi, kuma in faɗi gaskiya, na daɗe da daina jin komai. Gawa a wurina haske ce da inuwa. Matata takan ce ko gidanmu ne ya kama da wuta, sai na fara neman inda hoton zai fi fita. Ban taɓa musa mata ba.

Ranar da abin ya faru, da safe muka shiga wani gari da aka kai wa hari, ni da direbana da muke kira Sarkin Gudu. A harabar wani ƙaramin asibiti na tarar da gawar wata dattijuwa, fuskarta na kallon bango. A aikinmu doka ce, ba a taɓa abin da aka tarar. Amma rana ta sauka gefe guda gwanin kyau, kuma babu mai kallona. Na sa yatsu biyu na kama haɓarta, na juyo da ita hagu.

"Hasken ya fi kyau ta nan," na ce, yadda na saba ce wa masu rai.

Na ɗauka sau huɗu, na wuce. Ko addu'a ban yi mata ba.

Gab da magariba, muna hanyar fita, na laluba jaka na ji babu katin da hotunan safe ke ciki. A asibitin na canja shi. Sarkin Gudu ya roƙe ni mu haƙura, ya ce hanyar ba ta biyuwa bayan faɗuwar rana, kuma shi 'ya'yansa ba su gama girma ba. Na ce minti biyar. Muka koma, ya tsaya a bakin ƙofar asibitin, ya ƙi kashe mota.

Harabar tsit. An kwashe gawarwakin, sai shatin jini a siminti, da ƙaurin roba, da warin maganin wanke ciwo. Wani famfo yana ɗiga, ɗis, ɗis. Ƙudajen da suka cika wurin da safe babu ko ɗaya.

Na hango katin daidai inda ta kwanta. Na durƙusa na ɗauka.

Famfon ya daina ɗiga.

Sai na ji ana jan silifa a bayana, a hankali, irin tafiyar mai ciwon gwiwa. Na so in waiga, jikina ya ƙi. Kyamarar da ke rataye a wuyana ta kunna kanta. Ina jin idonta yana lalube, yana neman fuska.

Yatsu biyu suka kama haɓata. Sanyinsu har cikin haƙorana.

"Ɗan nan," aka raɗa min a kunne, "ni na zaɓi bango. Ban so jikokina su ga fuskata haka ba."

Ta fara juya min fuska hagu. Ba da ƙarfi ba. Yadda na yi mata.

"Hasken ya fi kyau ta nan."

Amma ba ta tsaya inda na tsaya ba. Wuyana ya yi ƙara.

Kyamara ta ɗauka. Ɗaya. Ta ƙara murɗawa. Biyu.

Uku.

Na san na huɗun ne ƙarshena. Harshena ya kasa ambaton Allah. Da ɗan sauran ƙarfina na matse katin a hannuna har ya karye biyu.

Yatsun suka sake ni. Famfo ya ci gaba da ɗiga.

Da rarrafe na fito. Sarkin Gudu ya cusa ni a mota, ya kalli wuyana sau ɗaya, ya ja muka bar garin.

Likitoci uku suka duba ni, suka ce lafiyata ƙalau. Amma har yau fuskata hagu take kallo. Hotuna ukun nan suna cikin kyamara, babu komai a ciki sai bango.

Da na koma gida, 'yar autata ta kama kumatuna da hannu biyu tana ja.

"Baba, da kai nake magana. Ka kalle ni mana."

Shekararta shida, kuma duk tsawon shekarun nan da wuyana ke lafiya, ta cikin kyamara kawai na san fuskarta. Ranar na yi kukan da na daɗe ban yi ba.

Yanzu ta gane. Duk sanda take son magana da ni, sai ta zagayo ta hagu ta tsaya.