Kariyar Abbagana

"Ga ta nan tafe gare ku, ku matso kusa."

"Ta ƙaraso, kunnuwanmu na jiranta."

To, wannan labarin Meram ne, 'yar Malam Sabitu mai busasshen kifi a Gashuwa, a shekarun da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu. Iyayenta Haɗejawa ne, cinikin kifi ya zaunar da su a bakin kogi.

Meram bazawara ce. Ta yi aure ta daɗe, ko ɓari ba ta taɓa yi ba, har mijin ya gaji ya sallame ta. Tun da ta dawo gida ba ta son fita ko ɗiban ruwa, don kada a nuna ta da baki.

Sai Allah ya kawo Abbagana. Babarbare ne mutumin Nguru, yana bin motar da ke kwasar ƙaro daga Gashuwa zuwa tashar jirgin ƙasa ta garinsu. Hausarsa ta kasuwa ce. In zai ce ƙofa sai ya ce kofa, in zai ce ƙarfi sai ya ce karfi. Ya ga Meram, ya ce ita yake so, iyaye suka ba shi izinin zance.

Wata rana bayan la'asar suna zaure, ita a bakin ƙofa, shi a kan tabarma, sai ta ce, "Gidan nan naka na unguwar Bulabulin a Nguru da kake ta yabo, akwai inuwa kuwa?"

Ya sosa ƙeya. "Meram, gidan karami ne fa. In kika shimfiɗa tabarma biyu, tsakar gida ya kare."

"Ya ƙare, Yaya Abbagana! Kare ai haushi yake yi."

Suka yi dariya. Can ta shiga murza bakin mayafinta.

"Inda na baro... ko tsiron ciyawa babu. In wuni ina kallon bango, bango na kallona. Ni dai ina son wani abu mai rai da zan riƙa ba shi ruwa."

"Sai in dasa miki dogon yaro, irin wanda ake ta jerawa a hanyar tasha."

"A tabarma biyun? Ya tsaga maka bango, ya rufe mana sama, mu kwana a titi?"

"To, lalle."

"Maƙwabta ba za su bar mu mu huta ba. Kullum sallama, a ɗan tsinka mana."

"Rumman fa?"

"Kai da ka ce rijiyarku da nisa?"

Ya dafa ƙirji. "Hasken idona, bar mini. Zan nemo miki wadda babu irinta a unguwarmu."

Da ya koma Nguru ya wuce wurin wani tsoho Bakano da ke kula da lambun gidan wani manajan kanti. Bai ce masa ta amarya ce ba, kunya ta hana shi. Cewa kawai ya yi yana neman bishiya 'yar ƙarama. Tsoho ya tambaye shi faɗin tsakar gidan, ya nuna da hannu. Ya tambaye shi ruwa, ya ce da wuya.

Sai ya ja shi bayan lambu ya nuna masa wata a cikin garwa. Gindinta a kumbure kamar tulu, rassanta gajeru, ba ganye sosai, amma ta cika da fure ja mai fari a tsakiya.

"Wannan ba ta wuce tsayinka," in ji tsoho. "Ba ta taɓa bango, ba ta son ruwa da yawa, kuma tsakiyar rani, lokacin da komai ya bushe, nan take ado."

"Baba, yaya sunanta?"

"Ƙarya."

Ku ji inda abin ya lalace. Tsoho ƙarya ya ce. Kunnen Abbagana kuwa kariya ya ji. Ya ce a ransa, kai, ga kyau ga suna! Wace kyauta ta fi a kai wa mace kariya?

Ya rungumo garwar nan a bayan mota tun daga Nguru, yana tare ta da rigarsa kada iska ta kaɗe furen.

Ranar da ya iso kuwa ana suna a gidan Malam Sabitu, matar yayan Meram ta haihu. Gida cike da mata, ana ta daka, ana ta guɗa. Aka ce da Meram ana sallama da ita a zaure.

Da ta ga furen nan sai da ta dafe baki.

"Wayyo, Yaya Abbagana... tawa ce?"

"Taki ce. Na kawo ki gani kafin in dasa. Kin san sunanta? Kariya."

"Kariya..." Ta maimaita a hankali, idonta ya kawo ruwa.

Ita da ba ta son shiga taro, ranar nan da kanta ta ɗauki garwa ta ratsa tsakiyar mata, kai a sama. Ta dire ta gaban mahaifiyarta.

"Inna, dubi abin da ya kawo mini daga Nguru! Wai sunanta kariya."

Wata gwaggonta da ta zo suna daga Haɗeja ta leƙo, ta ƙura ido, sai ta tafa hannu.

"Kariya? Wa ya ce miki? Ke 'yar nan, ƙarya ce wannan! Ƙarya sunanta, don fure take yi ta yi, ba a ganin 'ya'yanta!"

Taɓarya ta tsaya. Wata ta yi dariya ta toshe baki da zane. Wata daga baya ta ce, a hankali amma kowa ya ji, "Ashe Babarbaren ya iya habaici."

"Kuma ranar suna!"

"Har da karkata sunan, don ta ɗauko da hannunta..."

Meram na tsaye. Ga jariri a cinyar ungozoma, ga furen a gabanta, ga idanu. Ta ji kamar an tuɓe mata zane a tsakiyar kasuwa. Ba ta san yadda ƙafarta ta kai ta ɗaki ba.

Inna ta ɗauki garwar ta yi wurgi da ita bayan gida. Ta tsaya a ƙofar ɗakin Meram ta ɗaga murya.

"Na rantse da Allah, in dai ina numfashi ba za ki shiga gidan mutumin nan ba! Wancan ya sake ki, amma bai tara miki jama'a ba!"

A zaure kuwa Abbagana na zaune yana murmushi, yana jiran a ce an gode. Sai Malam Sabitu ya fito, fuska ba walwala, ya faɗa masa sunan bishiyar da dalilin sunan.

Da ya buɗe baki ya ce ban sani ba, da magana ta mutu a nan. Amma kunya ta riƙe masa harshe. Ya dubi ƙasa, ya dubi hannayensa, ya tashi ya fita, ko sallama bai iya yi ba. Mutane suka ce, kun gani, da ba da gangan ya yi ba ai da ya yi magana.

Meram ta kwanta kamar mai jinya. Ranta na ce mata mutumin da ya dafa ƙirji ya kira ta hasken idonsa ba zai yi mata haka ba. Amma ga rantsuwar Inna, ga shi shi ma bai dawo ba. Motar ƙaro ta zo ta tafi, ta zo ta tafi, wani ne a bayanta.

Da safe wata rana ta zagaya bayan gida, ta tarar da bishiyar a kwance, garwa ta lotse. Ta tsaya tana kallonta, ta rasa ko tsanarta take ko tausayinta. Ta dai tayar da ita, ta ɓoye bayan rumbu.

"Inna," ta ce ran nan suna tsintar shinkafa, "in da a ce bai sani ba fa?"

"Kada ki ƙara yi mini maganarsa."

"Inna, ina sonsa..."

"Ni kuma na haife ki. Zaɓi."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga cikin faifai. Ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Damina na gab da sauka sai ga baƙuwa, doguwar mace da kitson Barebari, ta yi sallama. Yakaka ce, yayar Abbagana, ita ta raine shi tun rasuwar uwarsu.

"Wushe, wushe," in ji ta, irin gaisuwar Barebari. Inna ta amsa a daƙile, ta tura mata tabarma.

"Iya, ban zo biko ba. Yaron nan ya bar bin mota, ya bar cin abinci. Yanzu wai zai bar kasar gaba ɗaya, ya tafi gabas, don ba zai iya haɗa ido da mutumin Gashuwa ba. Na ce kafin ya tafi sai na zo na wanke shi."

"Wanke shi da me? Ƙarya ya kawo wa 'yata a gaban jama'a."

"Shi kariya ya ji! Kariya, irin ta Allah ya kare! Wallahi Iya, kanena ba ya karya. Tun yana karami bai taɓa karya ba!"

Inna ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta tsaya. Ta dubi Yakaka da kyau.

"Me kika ce ba ya yi?"

"Karya."

"Ce ƙarya."

"Ai ita na ce. Karya."

"Ce ƙofa."

"Kofa. Iya, wasa kike da ni? Ni da kuka na zo!"

Inna ta zauna daɓas. Shekara nawa tana ciniki da Barebari a garin nan, ta san bakinsu sarai, amma fushi ya toshe mata kunne. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Innalillahi... Na ci mutuncin ɗan mutane. Na yi rantsuwa a kan abin da ban bincika ba. Yakaka, da wane ido zan dube shi?"

"Da wanda shi zai dube ki, Iya. Kowa kansa a kasa, sai ku yi karo."

Inna ta yi dariya tana share hawaye. Da Malam Sabitu ya dawo daga kasuwa ta faɗa masa da bakinta, ta ce za ta yi azumin kaffara, a aika yaron ya zo.

Sai da Yakaka ta taso shi gaba kamar ɗan akuya kafin ya yarda ya shiga zauren. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Meram ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Shi yana kallon tabarma, ita tana kallon bango.

"Yaya Abbagana, ɗago ka dube ni."

"Ba zan iya ba."

"Me ya sa ka tafi ba ka ce komai ba?"

"Me zan ce, Meram? Na sa an yi miki dariya. Ni da na ce zan kare ki..." Ya ƙara sunkuyar da kai. "Ki yafe mini. Zan nemo miki rumman, ko ruwan daga kogin nan zan rika ɗaukowa."

"Bar maganar rumman." Ta juyo ta dube shi. "Na yarda ba ka san sunanta ba. Amma yanzu ka sani. Kuma abin da matan nan suka faɗa a kaina, ba sharri suka yi mini ba. Mai yiwuwa har in mutu ba zan haifa maka ko ɗaya ba. In za ka fasa, ka fasa yau. Ba zan iya ɗaukar wata kunyar ba."

Sai a lokacin ya ɗago.

"Ranar da na fara tambayar gidanku, wa bai faɗa mini ba? Direba ya faɗa. Mai furar bakin kasuwa ta faɗa, har sau biyu. Na ji, kuma na zo." Ya goge ido da hannun riga. "Da na je wurin tsohon nan, ban tambaye shi ko tana 'ya'ya ba. Ko a raina bai zo ba. Tambayata ɗaya ce, wacce za ta yarda ta zauna a gidana karami. Ke ma ita nake tambayarki, Meram. Za ki zauna?"

Ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa.

"Zan zauna..."

Daga cikin gida Yakaka, wadda ta kasa kunne tun ɗazu, ta rangaɗa guɗa.

An ɗaura aure bayan kaka. Cikin kayan amarya da aka ɗora a mota har da lotsattsiyar garwa, Meram ce ta ce ba za a bar ta ba. Suka dasa ta a tsakar gidan Bulabulin, gefen randa.

Inna ta yi azuminta, amma har ta koma ga Allah ba ta iya haɗa ido da surukinta ba, in ya zo gaisuwa daga bayan labule take amsawa. Gwaggon Haɗeja ba ta sake zuwa Gashuwa ba. Meram ba ta haihu ba, Abbagana kuma bai ƙara aure ba. Yakaka ta ba su 'yarta Fanne tun daga yaye, suka raine ta, suka aurar da ita a Machina. Abbagana ya riga Meram rasuwa, ita kuma ta tsufa a ɗakinta na Nguru, 'ya'yan Fanne na kiranta Kaka.

Iyakar abin da na sani ke nan, ku tashi ku ba ni wuri in miƙe ƙafa.