Kwalbar da Solvej Ta Ɓoye

Solvej 'yar aji biyar ce a wata makaranta da ke bakin teku a ƙasar Denmak. Tana da ƙoƙari, amma ba ta son kowa ya kamo ta.

Wata rana Malam Torben ya raba wa 'yan ajin kwalabe. A cikin kowace akwai ruwa da 'yar gansakuka.

Ya ce, "Wannan koren abin yana aiki irin na ganye. Idan ya sami haske, sai ya zuƙe iskar kabon mai ɗumama duniya, ya sako mana iska mai kyau. Bayan hutu iyayenku za su zo su ga aikinku."

Aka jera kwalaben a bakin taga. Kafin kwana goma, ta Solvej ta yi kore shar.

Asger, wanda suke zama benci ɗaya, ya leƙo. "Sarauniyar gansakuka, ɗan sam mini cokali ɗaya mana. Tawa ta ƙi girma."

"Ko ɗigo ba za ka samu ba," in ji ta.

Solvej ta san Asger yakan zo makaranta wasan ƙwallo ko ana hutu. Don haka ranar tashi ta jira kowa ya fita. Ta toshe bakin kwalbarta, ta tura ta cikin kabad, ta rufe.

Da aka dawo, ta buɗe kabad ɗin. Gansakukar ta dushe, ta kwanta a gindin kwalba tana wari. Ta Asger kuwa ta yi kyau a bakin taga.

Malam Torben ya tambaya, "Wa ya kai ta cikin duhu?"

"Ni ce, Malam. Na ji tsoron kada a ɗiba."

"Me na ce tana bukata?"

Ta sunkuyar da kai. "Haske."

Asger bai yi mata dariya ba. Ya ce, "Wanko kwalbar, na zuba miki rabin tawa. Ni ba marowaci ba ne."

Ta ji kunya, ta ba shi haƙuri.

Ranar da iyaye suka zo, kwalbar Solvej ce ta fi kowace rashin kore. Babanta ya duba ya ce, "Taki ba ta ƙoshi ba ne?"

"Ni na hana ta haske, Baba. Amma ka dawo nan da mako biyu ka gani."

Haka kuwa aka yi, gansakukar ta farfaɗo. Har 'yan aji huɗu suka zo neman iri, Solvej ta zuba musu da hannunta.

Malam Torben ya ce wa ajin, "Kwalba ɗaya ba ta gyara iskar duniya, sai an haɗu. Abin alheri idan aka ɓoye shi lalacewa yake yi, idan aka raba shi kuwa sai ya yawaita."