Shatin Yatsunsa

"Kafintan nan? Ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya lallashe shi kafin ya kore shi." Haka 'yan unguwa ke faɗa a da.

Yanzu kuwa in ya wuce sai a taɓe baki. "Masu shiru-shirun nan su ne mugaye. Matarsa yake jibga."

Ban da shi, ita kaɗai ta san gaskiya, matar tasa, tela, wadda ke zaune gidan yayarta wata da watanni, keken ɗinkinta na can ɗakinsa.

Ita ta fara kawo wasan, suna sabon aure. Ta ture shi kan katifa tana dariya.

"Duk ƙarfin nan na katako ne kawai? Kama ni in ka isa!"

Suka kafa ƙa'ida: ta fizge, ta shure, ta ce wayyo, duk cikin daɗin ne. Amma da ta ce "almakashi", ya sake ta nan take. Bai taɓa saɓawa ba, ko sau ɗaya. Bayan an gama ya kawo mata ruwa, ya murza mata wuyan hannu a hankali, yana ƙamshin garin katako.

"Zakanyata... ban ji miki ciwo ba ko?"

"Kai ne dai ka sha yaƙushi, ragon maza!"

Ranar da Yaya ta zo awon riga ta ga shatin yatsu a hannunta.

"Wannan fa mene ne?"

Kunya ta ɗaure mata harshe. Mai kitson da ke maƙwabtaka da su, wadda ta daɗe tana ƙyalla ido kan kafintan, ta leƙo. "Ai kullum ina jin dambe ta bango, Yaya. Tausayinta nake."

Aka tara dangi, aka kira shi. Ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai. Ya gane cewa wanke kansa tona mata asiri ne. Sai kawai ya ce, "Ku yi haƙuri."

Yau Yaya ta yafa mayafi. "Tashi mu je ya sake ki, a huta. Mai kitson ma har abinci take kai masa shago."

Suka same shi yana goge ƙafar kujera, ya rame, wuyan rigarsa ya yage ba mai ɗinkewa. Ya ajiye aikin, ya gaida Yaya da ladabi.

"Abin da take so shi zan yi," in ji shi.

Matar ta juya ta dubi yayarta.

"Yaya... bai taɓa duka na ba."

"Ke! Da idona na gani!"

"Wasa ne tsakaninmu. Ni nake nema. Ni nake so." Fuskarta kamar ta kama da wuta, amma ba ta tsaya ba. "In na ce ya bari, bari yake."

Yaya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ashe mu ne 'yan shisshigi." Ta juya baya tana gyara mayafi. "Ina waje. Marasa kunya kawai."

Matar ta matsa kusa da shi, ta ɗora wuyan hannunta cikin tafinsa mai kanta. Ya riƙe sako-sako, kamar ƙwai.

"Kullum kai kake saki na in na nema. Ni kuwa na sake ka ba ka nema ba." Hawaye suka zubo mata. "Na bari aka ɓata maka suna saboda kunyata. Ka yafe mini, mijina. Na yi kuskure."