Muryar Goggo a Shagon Hamza

Duk wanda ya san layin masu sayar da iri da maganin feshi a Samaru ya san Hamza, ya kuma san ba yunwa ce ta kai shi inda ya je ba. Shagonsa na riƙe da shi da matarsa Ilham da Goggo, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi. Maƙwabcinsa Dominic ne ya tsaya masa a rai.

Shekarar da wata hukuma ta kawo wa ƙananan 'yan kasuwa horo kan ƙirƙirarriyar basira, Dominic ya yi mako shida yana zuwa aji a Sabon Gari. Ya fito da manhaja mai amsa wa manoma tambaya ta waya. Sharaɗi biyu aka gindaya: a gaya wa mai kira cewa na'ura ce ke magana, kada kuma a ɗora mata muryar kowa sai da sa hannunsa. Hamza ya je kwana biyu ya watsar. Da ya ga manoman Shika na tururuwa ƙofar Dominic, sai zuciyarsa ta raya masa cewa ajin nan rufa-ido ne, akwai abin da mutumin ya binne.

Wani dillalin taki ya yi masa kwatancen boka a bayan Dogarawa. Ya isa ana kiran azahar, ya wuce masallaci bai tsaya ba. Ɗakin babu taga. Ga ƙwarya uku a kife, ga ƙahon rago naɗe da jan ƙyalle, ga tukunyar da ƙudaje suka rufe wa baki. A bango an rataye tsofaffin wayoyi, kowace da gashin kaza manne da busasshen jini.

"Na'urar maƙwabcinka ilimi kawai gare ta," in ji bokan. "Taka, wanda ya ji ta ba zai iya saye a wani wuri ba. Amma murya ake ba ta. Ta cikin gida, wadda ke yi maka addu'a."

"Baba, ni fa ba na taɓa ran kowa."

"Wa ya ce maka rai? Naɗo muryarta kawai, kada ta sani."

Hamza ya tambaya ko ana iya cirewa in mutum ya fasa. Bokan ya ce shi dai a kawo muryar kafin Juma'a.

Hankalinsa bai kwanta ba, don arhar abin ta yi yawa. Duk da haka ya zauna kusa da Goggo tana tsintar wake, ya ja ta da hirar noman da, wayar na ɗauka a aljihu. Wani mai haɗa manhaja ya yi masa irin ta Dominic, ya ɗora muryar bai nemi takarda ba, boka ya tsoma wayar a tukunya ya miƙo masa.

Kafin damina ta yi nisa, kasuwa ta buɗe. Manomi zai kira ya ji dattijuwa na ce masa "ɗana", ya ɗauka mutum ce, ya sayi duk abin da ta ce. Hamza ya buɗe shago na biyu, ya sayi mota. A gida kuwa muryar Goggo ta fara dushewa. Asibiti ba su ga komai ba. Ta koma nuni da hannu, tana bin Hamza da wani kallo da ya sa ya daina cin abinci a tsakar gida. Da lokacin girbi ya zo, ta rasu. Ana laƙƙana mata kalmar shahada leɓenta na motsi, sauti bai fita ba.

Ranar addu'ar uku Ilham ta ɗauki wayar Hamza za ta goge mata ƙura, sai ta ji Goggo ta kira sunanta tana neman ruwa. Cikin da take ɗauke da shi ya zube a makon. Tun daga nan take yawo ba mayafi tana yi wa bango magana.

Da damina ta zagayo, sai muryar ta fara ba manoma shawarar da ke ƙone masara. Ƙorafi ya kawo Rhoda, jami'ar hukumar, da rana tsaka, shago cike da mutane. Ta nemi takardar amincewar mai muryar. Hamza ya ce tsohuwar ta rasu, takardar ta ɓata. Wayar na kan tebur a kashe, amma kowa ya ji ta.

"Ba a tambaye ni ba, 'yata. Ki ce ya sake ni."

An rufe shagunan. Manoman da gonakinsu suka ƙone suka kai shi kotu, mota da gida suka tafi. Ya koma Dogarawa ya tarar da ɗakin wayam, maƙwabta suka ce ba su taɓa sanin wani ya zauna a ciki ba. Yau yana zaune a gindin wata bishiya kusa da tasha, auduga cushe a kunnuwansa, in wayar wani ta yi ƙara sai ya tashi da gudu.

Kai da ke hangen shagon maƙwabci kana ƙullata, ka ji tsoron Allah. Boka ba ya ɗaukar komai daga aljihunsa ya ba ka. Daga cikin gidanka yake ɗauka, kuma wanda ya fi ƙaunarka yake farawa da shi.